Pépé le Moko, Le Quai des brumes ko Le Jour se lève: da wanne za ka fara?

Fina-finan Faransa uku ne, jarumi ɗaya, shekara uku a jere, kuma a duka ukun Jean Gabin mutuwa yake yi a ƙarshe. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ce na ɓata masa labari, domin irin waɗannan fina-finan ba don a san ƙarshensu ake kallonsu ba, tun minti goma na farko jikinka zai ba ka cewa mutumin nan ba zai kai labari ba, abin da ke zaunar da kai shi ne hanyar da za a bi a kai can. Pépé le Moko na Julien Duvivier ya fito a 1937, Le Quai des brumes na Marcel Carné a 1938, sai Le Jour se lève shi ma na Carné a 1939. Duk baƙi da fari ne, kowanne awa ɗaya da rabi ne da 'yan mintoci. To in datarka ta fim ɗaya ce, ko kuma kana tsoron ka fara da wanda zai gundure ka har ka rufe babin tsofaffin fina-finan Faransa gaba ɗaya, ga yadda nake ganin abin: wanda bai taɓa kallon irinsu ba ya fara da Pépé, wanda kuma ya san guda ɗaya tak zai kalla ba ƙari, to ya ɗauki Le Jour se lève. Na tsakiyan shi ya fi suna amma ni kam ba shi zan miƙa wa baƙo ba, kuma zan faɗi dalili.

Salon fina-finan nan masana suna ce masa zahiri mai waƙe, wato labarin talakawan birni ne, leburori da sojan da ya gudu da ɓarawo da matan da rayuwa ta jefa titi, amma a ɗauke su da haske da inuwa da kalamai masu daɗi kamar baitin waƙa. Titunan da kake gani galibi ba titunan gaske ba ne, a situdiyo aka gina su, har ruwan da ke kwance a kan kwalta da hayaƙin da ke yawo duk shiryawa aka yi. Lokacin ma yana da hannu a ciki. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta hau mulki a Faransa da goyon bayan ma'aikata, aka kawo aikin awa 40 a mako da hutun mako biyu da albashi, mutane suka ɗauka gari ya waye, kafin ƙarshen 1938 tafiyar ta watse, ga Hitler a maƙwabta yana ta wasa wuƙa, a Satumban 1939 yaƙi ya ɓarke. Fina-finan nan uku a wannan ɗan tsakanin aka yi su, kuma in ka jera su za ka ga duhun ƙaruwa yake daga na farko zuwa na uku.

Pépé le Moko shi ne mai saurin shiga rai, don fim ne na 'yan sanda da ɓarayi kafin ya zama komai. Pépé, wato Gabin, riƙaƙƙen ɓarawo ne da ya tsero daga Faransa ya shige Kasba, tsohuwar unguwar birnin Aljiyas mai lunguna da matakala da rufin soraye a haɗe, shekara biyu yana ciki 'yan sanda sun kasa kama shi saboda duk unguwar idonsa ce da kunnensa. Amma ranar da ya sauko cikin gari ranar za a sa masa ankwa, shi ya sani su ma sun sani. Akwai sufeto Slimane da kullum yake tare da shi, su gaisa su yi hira kamar aminai, kuma bai taɓa ɓoye masa cewa jira yake ba. Sai ga Gaby, wata 'yar Faris da ta zo yawon buɗe ido da wani attajiri da ke ɗauke da ita, hannu duk lu'ulu'u, Mireille Balin ce ta fito a matsayin. Kyamara ma sai da ta fara nuna maka abin da idon Pépé ya fara gani, awarwaro tukunna sannan fuska.

Abin da ya sa fim ɗin ya wuce labarin kama ɓarawo shi ne ba Gaby ce kawai yake so ba, gida yake so. Akwai sin ɗin da suka zauna suna jero sunayen titunan Faris, ita ta taso daga unguwannin masu kuɗi shi ya taso daga na talakawa, suna kira ɗaya bayan ɗaya har bakinsu ya haɗu a kan dandalin Place Blanche, a nan ka gane ita ma 'yar talakawa ce irinsa, kwalliyar duk aro ce. Sai kuma sin ɗin Fréhel, tsohuwar mawaƙiya ta gaske wadda ta yi tashe a ƙuruciyarta sannan rayuwa ta yi mata rugu-rugu, a fim ɗin ta ɗora faifan kanta a garmaho, hotonta na 'yan matanci yana jikin bango, tana bin muryar tata ta da tana hawaye. Wallahi duk wanda ya taɓa daɗewa a wata ƙasa ba halin komawa gida, wannan minti biyun zai taɓa shi ko da bai jin kalma ɗaya ta Faransanci.

Sai dai akwai abin da dole ka sani kafin ka danna, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Aljeriya a lokacin tana hannun Faransa tun 1830, ba ta samu kanta ba sai 1962, kuma fim ɗin da idon ɗan mulkin mallaka yake kallon Kasba. Tun a buɗewa wani jami'i yake bayanin unguwar a gaban taswira kamar yana bayanin ramin ƙwari, masu unguwar kuma sun zama kayan ado a bayan Bature, wanda ya fito a Slimane ma ba Balarabe ba ne, Lucas Gridoux ne. Inès, matar da ke zaune da Pépé tana son sa kamar ta mutu, yadda yake wulaƙanta ta da zarar ya ga farar Faris abin yana da ciwo, kuma fim ɗin bai damu da ciwon nata sosai ba sai da ya zo buƙatar wadda za ta tona masa asiri. Ni ban ce a ƙi kallo saboda haka ba, na ce a kalla ido buɗe. Wanda ke son ganin Kasba ta bakin masu ita, akwai fim ɗin yaƙin Aljiyas na Gillo Pontecorvo na 1966 wanda a cikin lungunan gaske aka ɗauke shi.

Ƙarshen Pépé kam ko yau aka yi shi za a yaba. Slimane ya sa Gaby ta yarda cewa an kashe Pépé, ta hau jirgin ruwa za ta koma, shi kuma ya sauko daga Kasba da ƙafarsa yana sane da abin da ke jiransa. An kama shi, ya roƙi a bar shi ya ga tashin jirgi, yana riƙe da ƙarafan ƙofar tasha hannu a ankwa ya ƙwala mata kira, daidai lokacin jirgin ya busa ƙaho, ita kuma ta toshe kunnuwanta. Ba ta ma gan shi ba, Kasba take kallo a can sama. Ya zaro 'yar wuƙa ya daɓa wa kansa. Amurkawa ba su ɓata lokaci ba, a 1938 suka maimaita shi da sunan Algiers da Charles Boyer da Hedy Lamarr, in ka ci karo da wannan a intanet ka sani ba shi ake nufi ba.

Le Quai des brumes wani yanayi ne daban, in Pépé rana ce da hayaniya da kiɗa to wannan dare ne da hazo da shiru. Gabin a nan Jean ne, sojan da ya dawo daga Tonkin, can arewacin Biyetnam da Faransa ke mulka, ya gudu daga aiki, ya shigo Le Havre, birnin tashar jiragen ruwa a Faransa, cikin dare a motar ɗaukar kaya ba ko sisi ga yunwa. Hukuma ba ta yarda a furta kalmar gudun soja a fim ɗin ba, kai ne za ka gane da kanka daga yadda yake kauce wa 'yan sintiri. Tun a hanya ya fizge sitiyari don kada direba ya take wani kare, karen nan kuwa ya liƙe masa har ƙarshen fim. Ya faɗa wata bukkar katako a bakin teku, ta wani da ake kira Panama, inda duk wanda duniya ta kora yake zuwa ya kwana, a nan ya haɗu da Nelly mai shekara 17, da hular bareti da rigar ruwa mai sheƙi. Michèle Morgan ce, ita ma lokacin ba ta wuce wannan shekarun da wani abu ba, kuma wannan fitowar ce ta ɗaga ta.

Kyawun hoto dai a cikin ukun babu kamar wannan. Eugen Schüfftan ne ya riƙe kyamara, mutumin da ya yi aiki a manyan fina-finan Jamus kafin ya tsere wa 'yan Nazi, Alexandre Trauner ya gina wuraren, Maurice Jaubert ya yi kiɗan, Jacques Prévert ya rubuta kalaman daga littafin Pierre Mac Orlan na 1927, wanda asalinsa ma a unguwar Montmartre ta Faris labarin yake aka mayar da shi bakin teku. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc, wata babbar lambar yabo ta fina-finan Faransa. Sin ɗin da Jean ya gaya wa Nelly idanunta suna da kyau a filin wasannin dare, Faransawa har yau haddace shi suke.

To me ya sa ban ce a fara da shi ba? Saboda kowa a cikinsa falsafa yake yi. Mai zanen da ke bukkar Panama ya ce shi in ya ga mutum yana iyo to wanda ruwa ya ci yake gani, kuma da gari ya waye ya tuɓe kayansa ya bar wa Jean su da takardunsa ya shiga teku bai dawo ba. Mashayi falsafa, mai bukka falsafa, har bos ɗin ma falsafa. In ka riga ka saba da salon abin daɗi ne, amma in yau ka fara kuma kana bin rubutun fassara a ƙasan allo, za ka iya cewa haba, mutanen nan ba wanda zai yi magana irin ta mutane ne? Sannan abin da ya kashe Jean daga waje ya zo masa. Akwai Lucien, ɗan iskan gari matsoraci mai son a ce shi wani ne, Pierre Brasseur ya yi shi, Jean ya shararra masa mari a gaban yaransa har karo biyu. Akwai Zabel mariƙin Nelly, Michel Simon da gemu da muryar tausayi, mai shago mai son waƙoƙin coci, wanda ashe son yarinyar yake har ya kashe saurayinta. Jean ya riga ya samu gurbi a jirgin da zai tafi Benezuwela, ya sauko don ya yi wa Nelly sallama, ya tarar da Zabel ya ritsa ta a ɗakin ƙasa, ya ɗauki bulo ya rotsa masa kai rediyo na ta rera waƙar ibada, yana fitowa titi Lucien ya harbe shi ta baya daga cikin mota. Abin yana girgiza mutum, amma in ka natsu za ka ga da bai mari wancan ba, ko da jirgin ya riga ya tashi, da ya tsira. Tsautsayi ne da miyagun mutane.

A Le Jour se lève babu wannan ƙofar ta "da ma". Shi ya sa na fifita shi.

Fim ɗin yana buɗewa da wani dogon bene siriri tsaye shi kaɗai a dandalin unguwar ma'aikata, Trauner ne ya gina shi a situdiyo. A hawan ƙarshe ka ji gardama a bayan ƙofa, ka ji harbi, ƙofa ta buɗe wani mutum ya fito dafe da ciki ya gangaro matakala, wani makaho da ke hawowa da sandarsa ya tsaya yana tambaya me ya faru, wa ya faɗi. Shi ke nan an yi kisan tun minti biyu na farko. François, wato Gabin, ya kulle kansa a ɗaki, 'yan sanda sun kewaye gidan, sun yi ta harbi ta taga da ta ƙofa, ya jawo wadirof ya tokare ƙofar, daga nan har asuba yana ciki yana tuna yadda aka yi ya zo nan. Sau uku fim ɗin yake komawa baya. A 1939 wannan salon bai zama ruwan dare ba, har sai da aka sa rubutu a farkon fim ɗin ana yi wa 'yan kallo bayanin cewa mutumin tunani yake yi, don kada su rikice.

François ba ɓarawo ba ne ba kuma sojan gudu ba, lebura ne mai feshin yashi a masana'anta, yana sanye da wata riga da hula kamar mai nutso a teku, ƙura na cin huhunsa yana kurɓar madara a wurin aiki don ta rage masa. Françoise mai sayar da fure ta ɓata hanya ta shigo wurin da damin fure a hannu, suka gano sunansu ɗaya, ranar bikin sunansu ɗaya, kuma dukansu a gidan marayu suka tashi, suna cikin hirar furen ya yanƙwane a hannunta saboda iskar wurin. Ba wanda ya tsaya ya yi maka huɗuba a kan zaluncin masu masana'anta, furen ya gama maganar. Wannan shi ne bambancinsa da Le Quai des brumes, Prévert ɗin dai shi ne ya rubuta kalaman a kan labarin Jacques Viot, amma a nan ya rage wa baki aiki ya ba kayan ɗaki.

Kuma kayan ɗakin nan sai ka kalla da kyau. A farko ka gan su ba su da wata ma'ana, 'yar tsanar beyar mai kunne ɗaya ajiye a kan kantar ɗakin, wani ɗan abin ado na maƙalawa a riga, sabon nakatayi, agogo mai ƙararrawa, madubi, kwalin sigari. Duk komawa baya ɗaya sai ta gaya maka tarihin ɗaya daga ciki, in aka dawo ɗakin ka sake ganinsa sai ya yi maka nauyi. 'Yar tsanar ta Françoise ce, ita ta ce tana kama da shi, ido ɗaya na murna ɗaya na baƙin ciki. Abin adon kuwa ta ba shi ne a matsayin alamar so, daga baya Clara, wata mata da ke son François, ta nuna masa irinsa sak, ta ce Valentin, mutumin da François ya harbe, duk macen da ya samu sai ya ba ta ɗaya. Ashanar François ta ƙare, don haka sigari yake kunnawa da wutar sigari, in ya bari ta mutu shi ke nan, kuma ka san za ta mutu.

Valentin shi ne bos mafi tsayawa a rai a duk fina-finan uku, ga shi ba ya dukan kowa. Jules Berry ne, mai wasa da karnuka a dandamali, tsoho mai kwat mai zaƙin baki, hannayensa ba sa tsayawa wuri ɗaya, ƙarya yake kamar numfashi. Ya taɓa zaunar da François ya rantse masa shi ne uban Françoise, har da kukan uba, ashe duk shiri ne. Zabel mugu ne mai ɓoyewa, Lucien matsoraci ne mai bindiga, Slimane ma ba mugu ba ne aikinsa yake yi da haƙurin mai kamun kifi, amma Valentin makaminsa magana ce, shi kuma François mutum ne da ba shi da kalmomi, in abu ya cika masa ciki sai tsawa. A daren ƙarshe Valentin da kansa ya hawo ɗakin, da kansa ya kawo bindigar ya ajiye a tebur, ya yi ta zuba yana kwatanta abin da ke tsakaninsa da yarinyar, François yana cewa ya yi shiru, ya yi shiru, bai yi ba. Ka ga a nan ba jirgi ne ya makara ba, ba tsautsayi ba ne, mutum ne da aiki ya cinye, maraici ya cinye, ya tara duk abin da ya rage masa na yarda da duniya a kan yarinya ɗaya, wani ya zo ya sa ƙafa ya shure.

Akwai wurin da François ya leƙo ta taga ya ga dandali cike da jama'a, abokan aikinsa suna kiran sunansa suna cewa ya sauko za su tsaya masa, shi kuma ya hau su da faɗa yana cewa su watse su bar shi, babu sauran wani François. Daga nan 'yan kwantar da tarzoma suka zo suka kora mutane. Wanda ya san abin da ya faru da tafiyar ma'aikata ta 1936 zai ga hotonta a nan ƙarara, kuma fim ɗin ya fito ne a watan Yunin 1939, wata uku kafin yaƙi. Jaubert da ya yi masa kiɗan nan mai bugawa kamar zuciya, a fagen daga ya mutu a Yunin 1940. Da asuba 'yan sanda suka lallaɓo ta rufi suka jefa barkonon tsohuwa, amma ya riga ya harbi kansa, hayaƙi na cika ɗakin agogon da ya saita don tashi aiki ya kama ƙara.

Ta ɓangaren mata ma akwai abin dubawa, musamman ga 'yan uwa mata da za su kalla. Gaby kyakkyawa ce amma kusan hoto ce, mafarkin Pépé ce ba mutum ba. Nelly ta fi ta rai, yarinya ce da tsoro ya yi wa yawa ta samu dare ɗaya na kwanciyar hankali. Amma Clara ta Le Jour se lève, wadda Arletty ta fito a matsayinta, ita ce cikakkiyar mace a duka ukun, ta yi aiki da Valentin ta san shi ciki da bai, ta bar shi, ta so François tana sane sarai zuciyarsa na wajen wata, ba ta yi kuka ba ba ta yi makirci ba, kuma a daren da aka kewaye gidan ita ce ta zauna tana jinyar kishiyar tata da ta suma. In don wasan mace za ka zaɓa, nan za ka.

Sai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Biyu daga cikin ukun da kashe kai suke ƙarewa, na ukun ma akwai mai zanen da ya shiga teku, kuma fina-finan suna nuna abin da tausayi da kyan hoto, ba sa yi masa hukunci. Mutanen cikinsu ba su da wani abin jingina, ba addu'a ba dangi ba gobe, in ƙofa ta rufe to ta rufe. Mu da muka tashi da sanin cewa ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah, dole wani wuri a ciki ya tsaya mana a wuya, kuma ni a ganina gara a shiga da sanin haka. Wanda yake cikin damuwa mai nauyi a yanzu, don Allah ya ɗaga kallon Le Jour se lève zuwa wani lokaci, da gaske nake. Haka kuma ba fina-finan falo da yara ba ne, akwai giya da zaman dadiro da sumbata, a cikakken kwafin Le Jour se lève ma akwai ɗan wurin da Arletty ta fito daga wanka.

Harshe kuma, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai da suka yi boko da Faransanci za su more fiye da kowa, amma su ma su shirya, Pépé cike yake da yaren 'yan daban Faris na wancan zamanin wanda Henri Jeanson ya zuba masa, ana yi da sauri ana haɗiye rabin kalma. Le Quai des brumes a hankali ake magana amma maganar ce mai lauje cikin naɗi. Le Jour se lève shi ya fi sauƙi ga mai dogaro da fassarar ƙasan allo, don akwai dogayen wurare da ba a cewa komai, mutum ne da ɗaki da kiɗa. Wanda kuma ya saba da fina-finan Indiya masu awa uku da waƙa shida, Pépé ne zai fi yi masa kusa, har Gabin ma ya rera waƙa a saman soro da safe don murnar soyayya, unguwa duk ta leƙo tana dariya.

Wani zai ce ina La Bête humaine na Jean Renoir, shi ma 1938, shi ma Gabin, shi ma mutuwa. Yana nan, kuma jiragen ƙasan da ke cikinsa tsakanin Faris da Le Havre abin kallo ne, amma daga littafin marubuci Émile Zola na 1890 aka ɗauko shi, kuma matsalar jarumin ciwo ne na gado da ke sa shi kisa, wanda ya mayar da shi wani gida daban. A bar shi ya zama na huɗu. Hôtel du Nord kuma, wani fim ɗin Carné, babu Gabin a ciki kuma ya fi sauran sauƙin zuciya, ya dace da ranar da ba ka son abin da zai hana ka barci.

In ka yanke shawara a kan Le Jour se lève, ka kula da kwafin da za ka samu. Fim ɗin ya sha wahala, a zamanin gwamnatin Vichy, wadda ta haɗa kai da 'yan Nazi a Faransa lokacin yaƙi, an yanke masa wasu wurare an cire sunayen Yahudawan da suka yi aiki a ciki irin su Trauner da mai kyamara Curt Courant, sannan da kamfanin RKO na Amurka ya sayi labarin ya yi The Long Night a 1947 da Henry Fonda, sai da ya nemi a lalata kwafin asalin, Allah ya sa wasu suka tsira. An gyara shi an sake fitar da shi a 2014 da wuraren da aka yanke, wannan za ka nema. Tsofaffin kwafin da ke yawo wasunsu sun yi duhu har ba ka iya bambance abin da ke kan kantar ɗakin, alhali rabin labarin a kan kantar nan yake, kuma in da hali a kalle shi a talabijin ko kwamfuta, allon waya ya yi masa kaɗan.